MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: SHARHI A KAN MATSAYIN MARA LAFIYA DA JAMA'A CIKIN BINCIKEN TAƁIN HANKALI A KARKARAR KANO

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda ake gudanar da bincike game da ciwon taɓin hankali a ƙasar Kano, tare da mai da hankali ga karkarar da ke arewa da birni, watau ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa da Bichi da Dambatta. Tambayar da za a bi diddiginta guda ɗaya ce: a cikin binciken da ake yi a kan wannan ciwo, ina matsayin wanda ciwon yake jikinsa, ina kuma matsayin waɗanda suke kwana suke tashi da shi? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an daɗe ana yin tambaya game da mai taɓin hankali, amma shi kansa ba safai akan tambaye shi ba, kuma wannan giɓi ya rage wa sakamakon binciken daraja ta fuskar ilmi, ban da abin da ya tauye na haƙƙin mara lafiya.

Ciwon da ake nufi a nan shi ne wanda likitoci suke kira saikosis. Alamominsa sun haɗa da jin muryoyin da na kusa ba sa ji, da ganin abin da ba kowa ke gani ba, da kafewa a kan wani zargi ko wata fahimta wadda hujja ba ta kawar da ita, da warwatsewar magana. Mafi shahara daga cikin ire-irensa shi ne sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana samun kimanin mutum 1 cikin 300. Akwai kuma wanda yakan taso wa mace lokacin jego, da wanda shaye-shaye ke haddasawa. Bahaushe yana da sunaye da dama ga wannan hali: hauka, da taɓuwa, da zautuwa, da motsi, da bugun iska. Ba duka ma'anarsu ta zo ɗaya ba, kuma za a dawo kan wannan a gaba.

Ya kamata tun yanzu a warware wata kalma. A bakin Hausawa, majiyyaci yana iya zama mara lafiya, yana kuma iya zama mai kula da shi. Harshe ya haɗa su a kalma ɗaya, amma bukatunsu ba kullum suke haɗuwa ba. Saboda haka a wannan takarda za a riƙa cewa mara lafiya ga na farko, mai jinya ga na biyu.

2.0 MA'ANAR SA HANNUN MARASA LAFIYA A BINCIKE

Akwai hanyoyi uku da mutum zai iya shiga harkar bincike, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Ta farko, a yi bincike a kansa, watau a yi masa tambayoyi ko a gwada masa magani. Ta biyu, a tara jama'a a yi musu bayanin abin da aka gano. Ta uku, a zauna da shi tun kafin a fara, a shawarce shi kan abin da ya cancanci a bincika, da kalmomin da za a yi tambaya da su, da ma'aunin da za a gane sauƙi da shi, sa'an nan ya sa baki wajen fassara sakamako. Wannan ta ukun ita ce abin da ake nufi a nan.

A Ingila aka fara ba wannan tsari gindin zama a hukumance, inda a 1996 aka kafa wani kwamiti na ba da shawara kan shigar da masu amfani da asibiti cikin binciken lafiya. A 2001 Cibiyar Nazarin Ciwon Ƙwaƙwalwa ta Landan ta buɗe wani sashe wanda masu bincikensa su kansu sun taɓa kwanciya jinyar taɓin hankali. Wani aiki da Diana Rose da abokan aikinta na wannan sashe suka buga a 2003 ya isa misali. Sun tattara binciken da aka yi a kan ra'ayin marasa lafiya game da jinya da wutar lantarki, sai suka tarar cewa inda likitoci ne suka yi tambayar, musamman jim kaɗan bayan jinya, yabo ya fi yawa, inda kuwa marasa lafiya ne suka tambayi 'yan'uwansu, yabon ya ragu ƙwarai. Sun kuma gano cewa aƙalla kashi ɗaya cikin uku suna kukan mantuwa mai ɗorewa. Darasin a fili yake: amsar da mai bincike zai samu ta danganta ga wanda ya yi tambaya, da lokacin da ya yi ta, da wurin da aka yi ta.

3.0 ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe da shahara wajen cunkoson jama'a. Michael Mortimore da J. Wilson sun yi bayaninta a 1965, Polly Hill kuma ta buga nazarinta na Dorayi a 1977. Abin da suka bayyana har yanzu ana ganinsa: gonaki ƙanana da rabon gado yake ƙara tsinkawa, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinsu da taki, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gidaje a warwatse cikin gonaki, amma kowane gida yana hango maƙwabcinsa. Noma kaɗai ba ya riƙe gida, don haka da rani maza sukan shiga birni ko kasuwanni irin su Dawanau neman abin cefane, mata kuma suna sana'a a cikin gida.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan mai taɓin hankali ta fuska biyu. Na farko, gidan da ke rayuwa da aikin hannu ba ya jure rashin mutum guda da damina. Idan magidanci ya taɓu a lokacin noman firi, gidan ya yi hasarar hannu biyu ke nan, nasa da na wanda zai tsare shi, ga kuma akuya ko buhun hatsin da za a sayar don neman magani. Na biyu, a inda gida yake kallon gida, asiri ba ya rufuwa da sauƙi. Idan motar asibiti ta tsaya a ƙofar wani gida da hantsi, kafin azahar labari ya zagaye unguwa. Tun da yake Hausawa suna binciken asali kafin su ba da aure, kuma hauka yana cikin abubuwan da ake bincika, to wannan labari yana iya shafar ƙannen mara lafiya mata da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A ƙasar Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, wanda yanzu yake hannun Gwamnatin Tarayya. Sai dai kafin a kai mutum can, galibi an riga an bi ta wurin malami don ruƙiyya da rubutun sha, ko wurin mai maganin gargajiya don hayaƙi da jiƙo, kuma bayan an dawo daga asibiti ba lalle ne a daina ba.

4.0 SHARHI A KAN AYYUKAN DA SUKA GABATA

4.1 Masu Nazarin Al'ada

Turawan da suka fara rubutu kan wannan fanni sun shigo ta ƙofar bori. Tremearne ya buga littafinsa a 1914, Joseph Greenberg ya buga nazarinsa na Maguzawan ƙasar Kano a 1946, Fremont Besmer kuma ya buga nasa na borin Kano a 1983. Waɗannan ayyuka sun adana mana sunayen iskoki da cututtukan da ake jingina wa kowannensu da yadda ake girka. Amma idan mai karatu ya lura, muryar da ta fi fitowa a cikinsu ita ce ta gwani, watau boka ko ɗan bori ko makaɗi. Murray Last, wanda ya yi aiki a ƙasar Malumfashi, ya yi wani gargaɗi mai muhimmanci a 1981, cewa talakawa da yawa ba su san tsararren bayanin da gwanaye suke bayarwa game da cuta ba, ba su kuma damu su sani ba. Abin da ya dame su shi ne samun sauƙi. Wanda ya ɗauki bayanin gwani a matsayin ra'ayin jama'a ya yi kuskure, ko gwanin boka ne, ko likita ne.

4.2 Binciken Karfi na 2004

Aikin da ya fi kusa da batunmu shi ne wanda Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu suka buga a 2004, kan fahimtar mutanen ƙauyen Karfi game da taɓin hankali. Karfi tana ƙasar Kura ne, kudu da birni, amma zamanta da sana'arta sun yi kama da na ƙauyukan arewa, don haka ana iya yin kiyasi da ita. An tambayi manya 250. Alamomin da suka fi ambata su ne faɗa da ɓarna, kashi 22 cikin 100, da yawan surutu, kashi 21, da baƙon hali, kashi 16, da yawon banza, kashi 13. Game da sanadi, kashi 34 sun ce shaye-shaye, kashi 19 sun ce fushin Allah ko ƙaddararsa, kashi 18 sun ce sihiri ko aljanu. Kimanin kashi 46 sun fi son asibiti, kashi 34 sun fi son magani ta hanyar addu'a da makamantanta. Kusan rabinsu kuma ba su da kyakkyawan ra'ayi game da masu ciwon.

Wajibi ne a yaba wa waɗannan malamai. Sun fita daga asibiti sun shiga ƙauye, kuma sun rushe zaton da ake yi cewa Bahaushen karkara ba ya ganin kome a hauka sai aljanu. Haka kuma ba su yi da'awar cewa marasa lafiya suke nazari ba. Sukar da za a yi ta shafi irin wannan bincike ne gaba ɗayansa, da iyakar abin da zai iya gaya mana.

Da farko, a dubi alamomin nan huɗu. Dukkansu abin da mai wucewa yake gani ne, siffar mahaukacin bakin kasuwa ke nan. Babu jin muryoyi a sahun gaba, babu tsoron da yake hana barci, babu matashin da ya kulle kansa a ɗaki ya daina wanka ya daina magana, alhali likitoci sun san cewa wannan janyewa tana cikin alamomin da suka fi daɗewa, suka kuma fi wuyar magani. Idan aka gina shirin wayar da kai a kan wannan siffa, za a nemi mai duka da mai yawo, a bar mai shiru a ɗaki shekara da shekaru. Da akwai wanda ya taɓa ciwon a cikin masu tsara tambayoyi, da wuya wannan ya wuce shi.

Na biyu, alƙaluman sun raba mutane gida-gida, masu son asibiti daban, masu son addu'a daban. A aikace kuwa gida ɗaya ne yake yin duka, wani lokaci a mako ɗaya. Tambayar da ta fi amfani ita ce: ina aka fara zuwa, wa ya yanke shawara, nawa aka kashe, me ya sa aka daina? Wannan sai mai jinya ne zai iya amsawa, kuma shi ne zai tuna wa mai bincike cewa ya yi ta.

Na uku, akwai batun kara. Bahaushe ba ya son kunyata baƙo. Idan wanda ya zo daga asibiti ya tambayi mutum ko ya fi son asibiti, amsar tana iya zama ta girmamawa. Wannan shi ne abin da aikin Landan ya nuna, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauka Kano ta kuɓuta daga gare shi.

4.3 Darasi Daga Kudancin Nijeriya

A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A wancan zamani da ake kulle masu ciwon kamar fursunoni, wannan babban ci gaba ne. Daga baya binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙasashe tara, wanda Ibadan take ciki, ya nuna cewa masu sikizofireniya a Ibadan da Indiya sun fi na Turai samun sauƙi. An daɗe ana cewa zumunci da yawan dangi ne dalili, har a 2008 Alex Cohen da Vikram Patel da R. Thara da Oye Gureje suka nuna cewa wannan ra'ayi bai tsaya da ƙafafunsa yadda ake zato ba. Dangi suna riƙo, wannan gaskiya ne. Amma dangi ne kuma sukan sa mari idan sun rasa yadda za su yi. Wanda ya san bambancin riƙon da ke warkarwa da riƙon da ke karya zuciya shi ne wanda aka riƙa.

A 2020 Gureje da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi kan marasa lafiya 307, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini. Waɗanda aka yi wa wannan jinyar haɗin gwiwa sun fi samun raguwar alamomin ciwo. Wannan aiki ya shigar da wani ɓangare na jama'a, watau masu ba da magani. Mataki na gaba shi ne wanda shirin SUCCEED ya ɗauka tun daga 2020 a Nijeriya da Saliyo da Malawi da Zimbabuwe, inda waɗanda suka taɓa fama da ciwon suke cikin masu binciken. Reshensa na Nijeriya a Ibadan yake. Ke nan hujjar cewa wannan abu sai a Turai ta faɗi.

5.0 TAMBAYOYIN DA MAI ƊAKI ZAI KAWO

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a gwajin maganin wannan ciwo yana da abubuwa 30 da likita yake ba maki, an kuma tsara shi a Amurka a 1987. Ma'auni ne mai amfani, amma ba ya tambayar ko mutum ya iya nome gayaunarsa bana, ko an koma ba shi bashi a kasuwa, ko matarsa ta dawo daga yaji, ko yara sun daina binsa da waƙa. A ƙasar Minjibir ko Bichi, waɗannan su ne ma'anar samun sauƙi.

A ɗauki misalin magani. Magunguna masu araha da aka daɗe ana bayarwa, irin su kulofuromazin da halofaridol, suna kwantar da muryoyi da zargi, amma suna iya kawo sandarewar jiki da karkarwa da dalalar miyau da yawan barci da jiri idan an miƙe. A takardar asibiti, wanda ya bar shan magani akan rubuta cewa ya ƙi bin umarni. Manomi kuwa yana iya bari ne saboda da maganin a jikinsa ba ya iya sunkuyawa da fartanya daga safe zuwa azahar, kuma damina ba ta jira. Wani kuma dalalar miyau ce ta fi muryoyin tona masa asiri a cikin sahu. Ga batun azumi, da yadda za a sauya lokacin shan magani a watan Ramalana. Ga mai shayarwa da tsoron abin da zai sami jaririnta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan batun bincike ne sosai, kuma mara lafiya ne zai fara kawo shi.

Sai batun harshe, wanda ya fi shafar mahalarta wannan taro. Kalmar mahaukaci zagi ce, kuma suna ne da ba ya goguwa ko bayan an warke. Taɓin hankali ta fi laushi. Bugun iska tana ɗauke laifi daga kan mutum da zuriyarsa, ta ɗora shi a kan wani abu na waje, shi ya sa gida da yawa suka fi son ta ko da suna zuwa asibiti. Mai fassara takardar tambayoyi daga Ingilishi yana zaɓar ɗaya daga cikinsu a ofishinsa, kuma zaɓin nan shi zai yanke ko za a buɗe masa ƙofa. Haka nan uwa Bahaushiya ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, tana kuma nuna kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane. Wanda bai san wannan ba zai rubuta cewa uwar ba ta kula, alhali ita ce take kwana a bakin ƙofar ɗakinsa.

6.0 HUJJOJIN MASU JA DA MATSALOLIN ARO

Akwai masu cewa, yaya za a nemi shawarar wanda hankalinsa ya gushe? Amsa ita ce ciwon ba kullum yake tashe ba. Da yawa daga cikin masu shi suna yin watanni ko shekaru cikin hayyacinsu, suna noma, suna ciniki. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya, sun kuma inganta ma'amalar mutum a lokacin da ya farfaɗo. Abin da shari'a ta yarda da shi tun ƙarnoni, bai kamata mai bincike ya yi ƙyashinsa ba. Ta fuskar doka ma, Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma a watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Amma fa wannan ba ya nufin a kwaso tsarin Ingila yadda yake. Can akan kafa kwamiti, a aika wa mambobi takardu su karanta, su zo taro a jami'a. Idan aka yi haka a Kano, waɗanda za su zauna a kwamitin su ne 'yan boko na cikin birni, maza, masu jin Ingilishi, sai a rubuta a rahoto cewa an shigar da jama'a. Manomin Kunchi da matar kulle ta Gezawa suna nan inda aka bar su.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Masu bincike sun saba kai gaisuwa wurin hakimi da dagaci da mai unguwa, kuma haka ya dace, domin da ɗan gari akan ci gari. Sai dai izinin dagaci izinin shiga gari ne, bai zama yardar mara lafiya ba. Haka kuma idan aka tsaya a zaure, maigida ne zai yi magana da yawun kowa, alhali jinya a hannun mata take. Wani lokaci ma abin da mai jinya yake so, watau a kwantar da mara lafiya ya yi ta barci, shi ne ainihin abin da mara lafiyar yake kuka da shi.

Daɗin daɗawa, mutanen Kano suna da dalilin yin taka-tsantsan da masu bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, daga baya a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tarihi yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kuma samamen da aka kai gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ya nuna abin da yake faruwa da mutane idan an rufe su a inda ba mai jin bakinsu.

7.0 SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari ga jami'o'i da asibitocin da ke da niyyar bincike a wannan yanki:

(a) A nemi shawarar waɗanda suka samu sauƙi tun kafin a rubuta tsarin bincike, domin bayan an sami kuɗi an kafa tambayoyi, abin da ya rage sai ado.

(b) A yi zama uku dabam-dabam: na marasa lafiya, da na masu jinya, da na shugabanni da malamai da masu magani. Zaman mata, mata su gudanar da shi.

(c) A horar da wasu daga cikin waɗanda suka taɓa ciwon su zama masu yin tambayoyi, a biya su lada kamar sauran ma'aikata, a kuma tanadi wanda zai kula da lafiyarsu idan aikin ya yi musu nauyi.

(d) A bar mara lafiya ya zaɓi wurin ganawa, kada a kai mota mai tambari ƙofar gidansa. A kauce wa lokacin shuka da noma da girbi da ranakun kasuwa.

(e) A nemi yarda da Hausa, da baki ko da boko ko da ajami, a kuma maimaita neman ta a kowane mataki. Wanda ciwonsa yake tashe, a jira shi.

(f) A mayar wa mutane da sakamako da harshensu, a wurin zama ko ta rediyo, kuma duk wanda bincike ya gano yana bukatar magani a haɗa shi da inda zai samu.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda an duba ayyukan masu nazarin al'ada, da binciken Karfi, da abin da aka yi a Aro da Ibadan, an kuma nuna cewa kowannensu ya ƙara wani abu, amma a ƙasar Kano muryar mara lafiya ita ce mafi ƙaranci a cikin abin da aka rubuta. An nuna cewa wannan rashi yana sa a yi tambayar da ba ita ce ta dami mutane ba, a auna sauƙi da ma'aunin da bai san damina ba, a kuma karɓi amsar kara a matsayin gaskiya. An kuma yi gargaɗi game da aron tsarin da zai tsaya a kan 'yan boko, ko wanda zai tsaya a zaure.

Ya rage ga likitoci da masana harshe da masana zamantakewa da malaman addini su haɗa ƙarfi, domin babu fanni ɗaya da zai iya wannan aiki shi kaɗai. Ga masana Hausa musamman, akwai aiki a gabansu na tattara kalmomin da masu ciwon suke siffanta halin da suke shiga da su, daga bakinsu, kafin a sake fassara wata takardar tambayoyi. Ana fatan mahalarta za su yi gyara da ƙarin haske a kan abin da aka gabatar.